Watandar Littafi

Mutanen da wannan labari ya shafa ba su da yawa, kuma ya kyautu a ambace su tun farko domin kada mai karatu ya ruɗe. Na farko shi ne Malam Audi, manomin auduga a Daudawa, wanda matarsa Suwaibatu ta rasu ta bar shi shi kaɗai a gida. Na biyu Malam Sha'ibu na Tafoki. Na uku Ɗanhausa, Sarkin Noman wata unguwar Maguzawa kusa da Damari, da matarsa Indo. Na huɗu Malam Harisu, mutumin Ƙanƙara, hedimastan sabuwar makarantar firamare. Sai Mani, direban a-kori-kura mai bin kasuwanni. Akwai kuma wata Lauratu, amma ita a cikin littafi take, ba a taɓa ganinta da ido ba.

Malam Audi da Malam Sha'ibu da Ɗanhausa sun san juna ne a ajin Yaƙi da Jahilci a Faskari, tun kafin a sami mulkin kai. Dukansu sun riga sun tara iyali sa'ad da suka fara riƙe fensir. Da aka ba su takardar shaida, sauran 'yan ajin suka naɗe tasu suka sa a adaka, karatunsu ya tsaya nan. Su ukun nan kuwa ɗanɗanon da suka yi bai sake su ba. A wancan zamani littafi ba ya samuwa sai mai talla ya zo da shi daga Funtuwa ko Zariya ranar kasuwa, kuma ƙarfin manomi bai kai ya riƙa sayen nasa shi kaɗai ba. Suka haɗa hannu suka sayi guda. Nan take gardama ta tashi a kan wanda zai fara tafiya da shi gida, domin garuruwansu da nisa, wanda ya zo ƙarshe zai daɗe yana jira.

Malam Sha'ibu ne ya raba gardamar. Ya ce shi ya zauna gaban malaman zaure, kuma bai taɓa ganin littafinsu a ɗinke ba. Falle-falle suke a cikin gafaka, ɗalibi ya zare abin da zai karanta ya bar wa ɗan'uwansa saura. Ya ari aska wurin wanzami, ya tsinke zaren, ya raba littafin uku. Ɗanhausa ya yi dariya ya ce wannan ai watanda ce, irin wadda ake haɗuwa a sayi sa a yanka a raba nama kashi-kashi. Daga ranar suka sa wa kason farko suna kai, na tsakiya ciki, na ƙarshe wutsiya. Suka sa baduku ya ɗinka musu 'yan gafaka uku. Duk sabon littafin da ya shigo hannunsu sai a raba shi, a ja ƙuri'a da tsinke, kowa ya ɗauki abin da ya faɗo masa, in kasuwa ta zagayo a yi musaya.

Abin da ya fara a kan larura sai ya zama shi ne daɗin abin. Mai kai ya san mutanen labari amma bai san inda suka ƙare ba. Mai wutsiya ya san wanda ya mutu da wanda ya yi arziki, amma bai san dalili ba. Mai ciki yana tsakiya, ba gaba ba baya. Sukan zauna a rumfar wani mai shayi a kasuwar Faskari, kowa yana tatsar ɗan'uwansa, kowa yana rowar abin da ya sani. Ɗanhausa ya fi kowa rantsuwa a kan abin da bai karanta ba, Malam Sha'ibu ya fi kowa iya ɓoye fuska. Malam Audi kuwa yakan koma Daudawa ya kwashe wa Suwaibatu gardamar duka tana kaɗi, ita ma ta sa bakinta. In littafi ya gama zagayawa sai a ɗaure shi da zare a ajiye a adakar Malam Audi. Haka suka yi shekara da shekaru, ba su taɓa tunanin akwai wata hanyar da mutane ke karatu tare ba.

Sai shekarun kuɗin fetur suka zo. Aka faɗaɗa hanya, rumfar mai shayi ta tafi, aka gina shaguna na siminti a wurin. Samari suka bar fartanya suka nufi Kaduna da Legas, waɗanda suka dawo kuwa da rediyo mai kaset a kafaɗa suka dawo. Ɗan Malam Sha'ibu ya samar wa ubansa aikin gadi a wani kamfani a Kaduna. Ranar da Malam Sha'ibu zai tafi ya kawo wa Malam Audi gafakarsa, ya ce a riƙe masa, can ba zama zai yi ba. Bai sake zuwa karɓa ba. Ba a jima ba Ɗanhausa ya aiko cewa gwiwoyinsa sun hana shi taka keke har Faskari. A damanar da ta biyo baya Suwaibatu ta rasu.

Abin mamaki shi ne a lokacin ne littattafai suka yawaita, kuma auduga ta yi daraja, Malam Audi yana iya sayen nasa ba tare da neman kowa ba. Ya sayi ɗaya, ya karanta daga kai har wutsiya a jere. Da ya rufe shi ya ɗaga kai, ba kowa a tsakar gida sai awaki. Ya ji kamar mutumin da ya yanka rago ya rufe ƙofa ya cinye shi kaɗai. Bai ƙara saya ba. Yakan fito da tsofaffin daga adaka ya zauna a dakalin ƙofar gidansa bayan la'asar, yana maimaita abin da ya riga ya haddace.

A nan Malam Harisu ya gan shi. An turo shi ne a shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta, iyalinsa kuwa suna Ƙanƙara, don haka shi ma yammacinsa fanko ne. Ya tsayar da babur ya gaishe shi, ya tambayi abin da Baba yake karantawa. Ranar ba su tashi ba sai da aka kira magariba. Daga nan kusan kullum sai ya biyo. Malam Audi ya koma share dakali tun da azahar, ya shimfiɗa tabarma biyu. Ya gaya masa yana da abokan karatu biyu da zamani ya raba su, amma bai bayyana yadda suke yi ba, domin a ganinsa kowa haka yake yi. Malam Harisu kuma da ya ga takardun Baba falle-falle, ya ɗauka tsufa ne ya warware su.

Shi Malam Harisu mutum ne mai tattalin littafi ƙwarai. Yakan lulluɓe bangon kowanne da takardar buhun siminti, ba ya taɓa shi da hannun da ya ci abinci, kuma ɗalibin da ya naɗe kusurwar shafi ya san abin da zai gamu da shi. Wata rana ya zo da wani sabo mai bango mai ƙarfi, wanda tsohon malaminsa na kwaleji ya ba shi kyauta sa'ad da aka ba shi hedimasta. Ya ce aikin makaranta bai bar shi ya buɗe ba tukuna, ga shi zai tafi taro Funtuwa na 'yan kwanaki; yana so su karanta shi su biyun, su sami abin hira.

Malam Audi ya karɓa da hannu biyu. Da gari ya waye ya wasa askarsa, ya zauna a inuwa, ya tsinke zaren a hankali yadda ko falle ɗaya bai yage ba. Sai da ya gama ya lura hannunsa uku ya raba, kamar kullum. Ya ga abin ya yi daidai, tun da Ɗanhausa yana nan da rai. Ya ja ƙuri'a a madadin kowa: kai ya faɗo masa, ciki ya faɗa wa hedimasta, wutsiya ta faɗa wa Sarkin Noma. Ya ba Mani wutsiyar ya kai Damari. Ya zauna ya karanta kai, inda ya gamu da Lauratu, matar da ƙanenta ya tafi cin rani bai dawo ba, ta sayar da tasoshinta ta bi sawunsa. Kason ya ƙare tana hawa jirgin ƙasa. Rabon da Malam Audi ya ji irin wannan ƙaiƙayi a ransa tun rumfar mai shayi.

Ranar da Malam Harisu ya dawo, Malam Audi ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi har gidansa. Ya miƙa masa gafakar Malam Sha'ibu, wadda bai taɓa yarda wani ya riƙe ba.

Ya ce, "Ƙuri'a ta ba ka ciki, Malam. Ni kai na samu, wutsiya kuwa tana Damari wurin Sarkin Noma."

Malam Harisu ya buɗe gafakar, ya zaro takardun, ya juya su gaba da baya.

Can ya ce, "Baba, littafin nawa ne wannan?"

Malam Audi ya amsa da fara'a cewa shi ne. Sai ya dubi fuskar mutumin, fara'ar ta tsaya masa a baki. Malam Harisu bai ɗaga murya ba, bai faɗi kalmar da ba ta dace da dattijo ba. Ya tambayi bango da sauran takardun, ya ce in na Damari sun dawo a kawo masa. Ya mayar masa da gafakar fanko, ya rako shi bakin ƙofa da irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ba a sa ran ya dawo.

Daga ranar babur ya daina tsayawa. Malam Harisu yakan ɗaga hannu in zai wuce, shi ke nan. Malam Audi ya aika masa da kai da bango. Ya ci gaba da shimfiɗa tabarma biyu na 'yan kwanaki, daga baya ya naɗe ɗaya. Bai san sunan laifin da ya yi ba, amma ya gane ya taɓa abin da bai kamata ba, kuma in bai mayar da wutsiya ba, mutum ɗaya da ya rage masa a duniyar karatu ya tafi. Bai so ya aiki Mani karɓo abin da ya bayar da hannunsa. Ya ƙudura ya je da kansa.

A duk shekarun nan bai taɓa taka gidan Ɗanhausa ba, kasuwa ce mahaɗarsu. Mani ya sauke shi a hanyar Sabuwa, ya nuna masa turba. Dawa ta yi kai, ya bi ta cikin gonaki yana tambaya har ya isa. Indo ta tarye shi da ruwa a ƙwarya. Da ya faɗi sunansa ta ce ta san shi tun ba ta gan shi ba, ai shi ne mai auduga da ba ya yarda an kayar da shi a gardama. Ta nuna masa gindin ɗorawa.

Ɗanhausa yana zaune a kan turmi da gafaka a cinyarsa. Malam Audi ya yi sallama, Ɗanhausa ya juyo da fuska, amma ba daidai inda muryar take ba. Yanar ido ta rufe idanunsa duka biyu fari fat. Ashe ba gwiwa ce ta hana shi kasuwa ba. Indo ta ce tun da Mani ya kawo saƙon mijinta bai yarda an ajiye shi ƙasa ba, kuma duk wanda ya iya karatu a unguwar ya tafi birni.

Ɗanhausa ya ce, "Malam Audi, ka rasa abin da za ka aiko ma makaho sai wutsiya? Ko ƙudan da zan kora da ita ba ni gani."

Malam Audi ya ce, "Ƙuri'a ce, Sarkin Noma. Da kai ta ba ka ma, ban ga inda za ka sa shi ba, naka ya cika wurin."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe Ɗanhausa. Sa'an nan ya miƙo gafakar ya ce a karanta masa rabonsa. A ƙa'idarsu mai kai ba ya leƙa wutsiya kafin lokaci, amma Malam Audi bai ambaci ƙa'ida ba. Ya zauna a ƙasa ya karanta a fili. Indo ta kawo gyaɗarta kusa tana ɓara. A wutsiyar Lauratu ta dawo garinsu ita kaɗai, da yaro goye a bayanta da butar ƙanenta a hannu, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce a bar maganar.

Da aka kai ƙarshe gardama ta tashi kamar jiya suka rabu. Ɗanhausa ya rantse da aradu cewa ƙanen yana da rai, arziki ya yi ya ƙi 'yar'uwarsa. Malam Audi ya ce shi da ya san ƙanen tun daga kai ya san ba zai yi haka ba, mutuwa ya yi a ramin haƙar kuza. Indo ta ce dukansu maza ne, ba wanda ya tambayi ina uwar ɗan da aka goyo. Suna nan har rana ta karkata. Sai Ɗanhausa ya tambaya wa ke riƙe da ciki, tun da Sha'ibu ya zama ɗan Kaduna.

Malam Audi ya gaya masa duk abin da ya faru, da dalilin zuwansa. Ɗanhausa ya shafa gefen takardun da babban yatsa. Ya zaro su ya miƙa, ya riƙe gafakar.

Ya ce, "Tahi ka kai mashi abinshi. Amma ka ce ma malamin nan, in ji makahon Damari, nama ba ya kwana a hannun mutum ɗaya. In ya ci nashi ya hwaɗa muna mi ke ciki."

Malam Audi ya kwana can, da safe ya koma. Bayan la'asar ya sami Malam Harisu a gida, ya ajiye wutsiyar a gabansa, ya ba shi haƙuri. Tun da saƙo amana ne, ya isar da na Ɗanhausa kamar yadda aka faɗa. Don saƙon ya fahimtu kuwa, dole ya ba da labarin watanda tun daga askar wanzami, da rumfar da aka rushe, da adakar da ke cike da littattafai ɗaure da zare. Malam Harisu yana saurare yana daidaita gefen takardun a kan tebur. Malam Audi ya yunƙura zai tashi, sai Malam Harisu ya tambaye shi abin da shi da Ɗanhausa suka ce ya sami ƙanen Lauratu. Ya faɗi nasa, ya faɗi na Sarkin Noma, har da na Indo.

Malam Harisu ya ce, "Matar Sarkin Noma ta fi ku kusa. Ku biyun ba wanda ya canka."

Ashe ya karanta kai da ciki a kwanakin nan, da haushinsa da kome, ya zo ya tsaya cak a inda askar ta yanke. Ya dubi wutsiyar, ya dubi Malam Audi, ya tambaya ko Lauratu ta koma gida. Malam Audi ya ce ga ta nan a gabansa, a ƙa'ida ba a faɗa. Malam Harisu ya yi murmushi, karo na farko tun ranar gafaka, ya ce to shi ma ba zai faɗi ciki a arha ba. Suka yi ta ja har ya saki: ƙanen a gidan yari ta same shi, matarsa ta gudu ta bar jinjiri wurin maƙwabta. Aka kira magariba suna kan magana. A bakin ƙofa ne Malam Harisu ya gaya masa an mayar da shi Ƙanƙara, ƙarshen zangon karatun nan zai tafi.

Malam Harisu ya kai littafin wurin baduku aka ɗinke masa, ya tafi da abinsa. Shi dai har abada hannunsa bai yarda ya sa aska a littafi ba. Amma bayan an kwashe amfanin gona Mani ya tsaya a ƙofar Malam Audi da wani sabon littafi, ya ce hedimasta ya ce wannan na Baba ne halak malak, kason da ƙuri'a ta ba shi a aika masa.

Haka watanda ta dawo, sai dai ba rumfa. Malam Audi yakan raba uku, ya ja tsinke shi kaɗai a madadin kowa. Kaso ɗaya ya bi Mani zuwa Ƙanƙara a gafakar Malam Sha'ibu, ɗaya ya ɗauka da kansa zuwa Damari ya karanta a gindin ɗorawa. Da ya kai wa Ɗanhausa labarin gidan yari, sai ya ce ai shi ya ci, tun da ya ce ƙanen Lauratu yana da rai. Abin da Malam Harisu ya gani a nasa kason kuwa ta bakin Mani yake zuwa, shi kuma Mani ba ma'abocin karatu ba ne. Duk tsawon saƙon da aka ba shi, in ya iso sai ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Ya ce da daɗi," ya ja motarsa. Malam Audi yakan tsaya a bakin hanya da tambayoyinsa a baki har motar ta ɓace.

Damana biyu bayan haka Ɗanhausa ya mutu. Indo ta aiko da gafakarsa. Malam Harisu bai fasa aiko da littafi ba, Malam Audi kuma bai koyi raba biyu ba. Kason da ya faɗa wa Sarkin Noma yakan sa shi a gafakar ya rataye a ƙusa, ba ya taɓa shi sai kasuwa ta zagayo, sa'an nan ya sauko da shi ya zauna a dakali ya karanta a fili.

Iyakar abin da ya zo mini ke nan. Wanda ya fi ni sanin mutanen Daudawa da Damari, in ya ga na sa wani abu ba a gurbinsa ba, ko alƙalamina ya karkace a harafi, ya taimaka ya gyara, domin da girma na sami boko.